Jirgin Kano zuwa Maraɗi: Kada a Rufe Tagar Tikiti Tun Ba a Buɗe Ta Ba

Ƙasarmu Nijar ba ta da jirgin ƙasa mai jigilar mutane, don haka idan aka ji muna tada jijiyar wuya a kan tagar sayar da tikiti, wadda ma'aikatanmu ke kira gishe, ba za a rasa mai cewa mun rasa abin faɗi ba. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Tun watan Fabrairu na 2021 aka ƙaddamar da aikin shimfiɗa hanyar jirgi daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wadda gwamnatin Najeriya ta ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal kwangilarta a kan kuɗi kusan dalar Amurka miliyar 2. An tsara ta bi ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya, sannan ta shigo ƙasarmu. Duk mutumin Magarya ko Dantchiao ko Dungas ya san waɗannan garuruwa kamar yunwar cikinsa, kuma ya san cewa Daura da Kazaure da Ɗambatta sun fi Maraɗi kusa da ƙofar gidansa. Ke nan tashoshin da talakan kudancin Damagaram zai fara taka wa ƙafa suna cikin Najeriya, kuma dokar sayen tikitinsu a Abuja za a rubuta ta, ba a Yamai ba.

Maganarmu guda ce, kuma ba za mu yi mata kwana-kwana ba: kowace tasha da ke kan wannan hanya, babba ko ƙarama, dole ta kasance da taga a buɗe, da mutum a zaune bayanta, mai karɓar tsabar kuɗi, mai jin Hausa, mai amincewa da takardar shaidar ɗan Nijar. In babu wannan, an shimfiɗa ƙarfe ya ratsa gonakin jama'a, an kuma hana jama'ar hawa.

Jirgin da ya san gyaɗarmu, bai san fuskarmu ba

Dangantakarmu da jirgin ƙasa tsohuwa ce, kuma cike take da takaici. A 1911 hanyar jirgi ta iso Kano, a 1929 wani reshe ya kai Ƙaura Namoda, a 1930 wani ya kai Nguru ta Ringim da Malam Madori. Daga lokacin nan gyaɗar Magarya da Matamaye ta kama hanyar Kano, da fari a bayan jakai da raƙuma, daga baya cikin manyan motoci, ta shiga tarago ta nufi bakin teku. Faransawa, da suka ga arzikin ƙasar da suke mulki yana bi ta hannun Ingilishi, sai suka ƙirƙiro a shekarun 1950 shirin da suka sa wa suna Hirondelle, domin karkatar da kayan zuwa Paraku da Kwatano. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta jirgin ƙasa tsakanin Nijar da Dahome, wadda daga baya aka sani da OCBN. Shekara da shekaru sunan Nijar yana jikin wannan hukuma, amma ƙarfen ya tsaya cik a Paraku, kilomita 438 daga Kwatano, bai taɓa ƙetaro kogin Kwara ba. Muna da hukumar jirgi, ba mu da jirgi.

Sai kuma abin da ya faru a idon kowa. A watan Afrilu na 2014 aka yi gagarumin biki a Yamai, shugabannin ƙasashe suka taru, aka buɗe tashar jirgi. A watan Janairu na 2016 aka sake wani bikin, aka ce kamfanin Bolloré ya kai ƙarfe Doso, wajen kilomita 140. Rigimar shari'a da ta ɓarke a Benin tsakanin Bolloré da kamfanin Petrolin ta tsayar da sauran aikin, hanyar kuwa ba ta taɓa yin jigilar fasinja ta yau da kullum ba. An yi tasha, an yi fenti, an yi jawabai, ba a samu ranar da wata tsohuwa ta miƙa jika biyu ta taga aka ba ta tikitin Doso ba. Darasin da ke ciki a fili yake: tsawon ƙarfe ba shi ne jirgi ba. Jirgi yana tabbata ne ranar da talaka ya biya ya hau.

Abin da aka yi tsakanin Abuja da Kaduna

Me ya sa muke jin tsoro tun yanzu? Domin mun ga inda hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya ta fuskanta. A watan Yuli na 2016 aka buɗe sabuwar hanya tsakanin Idu da ke Abuja da Rigasa da ke Kaduna. Da satar mutane ta addabi hanyar mota, kowa ya koma jirgi, manya da ƙanana, kujeru suka yi kaɗan, 'yan cuwa-cuwa suka mamaye tashoshi suna saye tikiti suna sayarwa ninki biyu. Maganin da aka kawo a watan Janairu na 2021 shi ne sayar da tikiti ta intanet. Bayan mummunan harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris na 2022, da aka dawo da zirga-zirga a watan Disamba na shekarar, sai aka ƙara sharaɗin lambar shaidar ɗan ƙasa ta Najeriya, wadda ake kira NIN. A 2023 aka kai tsarin intanet hanyar Legas zuwa Ibadan da ta Warri zuwa Itakpe. Duk sabuwar hanyar jirgin da ke aiki a Najeriya ta bi wannan turba, kuma ba a bukatar bugun ƙasa kafin a gane cewa ita za a so a ɗora wa hanyar Maraɗi.

Yanzu mu ɗauki ɗan kasuwar Dantchiao, wanda ya sayar da raguna a kasuwar Maigatari ko ya kai wake da riɗi Dawanau, yana so ya saro atamfa a Kantin Kwari ya koma gida. A aljihunsa akwai naira, akwai sefa, akwai katin shaidarsa na Nijar. Ba shi da NIN, domin shi ba ɗan Najeriya ba ne. Ba shi da katin bankin Najeriya. Salularsa ta kira da amsawa ce, kuma a kasuwa yake biya a caja masa ita, tun da mutanen da ke da wutar lantarki a ƙasarmu ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ya yi karatun allo, yana riƙe da lissafin miliyoyi a kansa, amma shafin Ingilishi a fuskar waya ba nasa ba ne, kuma ba shi kaɗai ba: manyan da suka iya karatun boko a Nijar ba su kai huɗu cikin goma ba. Wannan mutum, wanda da shi da irinsa aka kafa hujjar kashe dala miliyar 2, shi ne na farko da na'ura za ta kora daga bakin tasha.

Hujjojin masu son rufewa

Ba ma cewa masu son a koma waya kacokan ba su da abin faɗi. Suna da hujja uku, kuma kowace ta cancanci amsa.

Ta farko, sun ce taga ita ce gidan cin hanci: ma'aikaci ya ɓoye tikiti, ya ce ya ƙare, ya miƙa wa yaronsa ta bayan gida. Gaskiya ne, an yi haka. Amma shin intanet ta kashe cuwa-cuwa? Jaridun Najeriya ba su daina kawo kukan fasinjoji ba bayan 2021, cewa da an buɗe shafin sai a tarar kujeru sun ƙare cikin 'yan mintoci, ga kuma tikitin nan a hannun wasu a bakin tasha. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Ɓarawon da ke bayan taga ana ganin fuskarsa, ana sanin sunansa, ana iya kai ƙararsa wurin shugaban tasha, ana iya korarsa. Wanda ke bayan na'ura wa ya san shi? Kuma ga wanda bai iya waya ba, rufe taga yana nufin dole ya nemi wani saurayi mai babbar salula ya saya masa, ya ba shi lada. Wato cuwa-cuwar da a da laifi ce, yanzu ta zama ƙofa ɗaya tilo. Maganin ma'aikaci maras amana shi ne kwamfuta a gabansa mai ƙidaya kowane tikiti, da rasit mai lamba, da farashi a rubuce jikin bango, da mai bincike da ba ya cin goro. Ba a ƙone rumbu don ɓera ya shiga.

Ta biyu, sun ce albashin ma'aikata nauyi ne. Wannan hujja ita ce mafi ban dariya. Wanda ya iya cin bashin dala miliyoyi ɗari-ɗari ya gina gadoji da tashoshi masu gilashi, shi ne zai ce albashin akawu biyu a Mashi ko Kazaure zai karya shi? Mu da muka rayu zamanin gyaran tattalin arziki na Bankin Duniya da Asusun Lamuni, muka ga faɗuwar darajar sefa a watan Janairu na 1994, mun haddace wannan waƙa. Kullum tsimi daga ƙaramin ma'aikaci yake farawa, bai taɓa hawa bene ba. Kuma ma'aikacin taga ba tikiti kaɗai yake sayarwa ba. Shi ke gaya wa baƙo lokacin tashi, shi ke auna buhu biyar na ƙaramin ɗan kasuwa ya ba shi takarda, shi ke mayar da kuɗi idan jirgi ya fasa zuwa, shi ke kama hannun makaho, shi ke ganin yaron da ya ɓace. Tashar da babu ma'aikaci kango ce, kuma mun san masu gadon kango a wannan yanki da wannan zamani.

Ta uku, sun ce tsaro ya wajabta a san kowane fasinja. Mun yarda ɗari bisa ɗari. Amma wa ya fi iya tantance mutum, na'urar da ke karɓar lamba ko da ta aro ce, ko ma'aikacin da ke duban katin yana duban fuskar mai shi? Idan don tsaro ne, taga abokiyar tsaro ce. Abin da ake bukata shi ne ƙasashen biyu su zauna su amince da takardun da za a karɓa. Wannan ya ƙara zama wajibi tun da Nijar ta fita daga CEDEAO a watan Janairu na 2025: abin da a da yarjejeniyar ƙungiya ta lamunce, yanzu sai an rubuta shi baƙi da fari tsakanin Yamai da Abuja, in ba haka ba kowane ɗan sanda da kowane ɗan duwan ya yi masa fassarar da ta dace da aljihunsa.

Ranar da waya ta mutu

Akwai abin da masu zama cikin ofis mai sanyi suke mantawa, mu kuwa mazauna bakin iyaka ba mu manta ba. A watan Satumba na 2021 hukumomin Najeriya suka katse layukan salula a jihar Zamfara baki ɗaya da ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Jibiya na cikinsu, ita ce kuwa tasha ta ƙarshe kafin jirgi ya shigo Nijar. Makonni suka shuɗe babu kira, babu saƙo, babu intanet. Da a ce jirgin yana tafiya a lokacin, kuma tikitinsa a waya kawai yake, da mutanen da suka fi kowa bukatar hanya mai aminci su ne za su tsaya suna kallonsa yana wucewa.

Sai kuma farkon 2023, bayan da Babban Bankin Najeriya ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1000, tsabar kuɗi ta ɓace, aka ce kowa ya koma tura kuɗi ta waya. Kowane ɗan kasuwa da ke karanta wannan shafi ya tuna abin da ya gani: kuɗi ya fita daga asusun mai saye bai shiga na mai sayarwa ba, masu na'urar POS suna sayar wa mutum kuɗinsa da kuɗi, dabbobi sun karye a kasuwannin iyaka don babu mai biya a hannu, har sai da Kotun Ƙoli ta Najeriya ta tsoma baki a watan Maris. Wanda ya ga wannan da idonsa, aka ce masa ya jingina tafiyarsa da dukiyarsa ga waya kaɗai, yana da haƙƙin ya ce a kai kasuwa.

Ko a Ingila ba su yarda ba

Za a ce mana ci gaba ne, duniya ta wuce nan, mu ne ke jan ƙafa. To, mu leƙa ƙasar da aka haifi jirgin ƙasa. A watan Yuli na 2023 kamfanonin jiragen Ingila, da goyon bayan gwamnati, suka fito da shirin rufe kusan dukkan tagogin sayar da tikiti, a tashoshi wajen 1000. Hujjarsu ita ce tikiti 12 kacal cikin 100 ake saye a taga. Aka nemi jin ra'ayin jama'a, sai amsoshi wajen 750,000 suka kwararo, daga tsofaffi, da makafi, da guragu, da ƙungiyoyin ƙwadago, da mutanen ƙauyuka. Hukumomin kare haƙƙin fasinja suka ƙi amincewa, ranar 31 ga Oktoba na 2023 gwamnati ta janye shirin.

A duba wannan da kyau. Ƙasar da kusan kowa ya yi makaranta, kowa na da asusun banki, wuta ba ta ɗaukewa, ta ce ba za ta zubar da mutum 12 cikin 100 ba. Mu da lissafinmu ya juya, waɗanda masu bukatar taga su ne mafi rinjaye, da wane ido za mu karɓi abin da Ingila ta mayar? Sau da yawa abin da ake sayar mana da sunan zamani, kayan da masu shi suka gwada ne suka ƙi.

Kuma kada a yi mana mummunar fahimta. Babu mai cewa a hana sayar da tikiti ta waya. Ma'aikacin da ke Damagaram, mai albashi a banki, da ɗalibin jami'a, da babban ɗan kasuwa mai akawu, su saya daga ɗakinsu, Allah ya ba da sa'a. Hakan ma zai rage layi. Abin da muka ƙi shi ne a mayar da ƙofar 'yan kaɗan ta zama ƙofar kowa, sannan a toshe babbar.

Abin da muke nema, da waɗanda muke nema wurinsu

Tun 1971 akwai hukumar haɗin gwiwa tsakanin Nijar da Najeriya, mazauninta a Yamai. Ga aikin da ya dace da ita, in tana so a san tana raye. Muna neman a rubuta cikin yarjejeniyar tafiyar da wannan hanya, tun kafin tarago na farko ya motsa, abubuwa biyar. Na ɗaya, taga mai ma'aikaci a kowace tasha, a buɗe kafin kowane jirgi da bayansa. Na biyu, a keɓe wa taga rabonta na kujeru, kaso sananne wanda intanet ba za ta taɓa ba, domin taga da babu tikiti a cikinta ado ce. Na uku, a karɓi tsabar kuɗi, naira da sefa, a kan canjin da aka liƙa a bango kowace safiya. Na huɗu, katin shaidar ɗan Nijar ya wadatar, ba tare da neman lambar da ba shi da ikon samu ba. Na biyar, a yi wurin awon ƙananan kaya, da farashi a rubuce da boko da ajami, don kada jirgin ya zama na masu kwantena kaɗai.

Ku 'yan kasuwa, musamman na Magarya da Dungas da Matamaye, kuna da ƙungiyoyi, kuna da wakilai a zauren 'yan kasuwa na ƙasa. Kun saba tashi tsaye idan an ƙara kuɗin duwan ko an rufe iyaka, kamar yadda kuka sha wuya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma bayan Yuli 2023. Wannan ma rufe iyaka ce, sai dai ba a ganin sarƙarta. Idan kuka yi shiru har aka gama rubuta doka, kuka zo daga baya kuna kuka, za a ce muku na'ura ce, ba ta jin magana. Ku kuma matsa a gyara hanyoyin motar da za su kai ku waɗannan tashoshi, domin jirgin da ba a iya isa wurinsa da damina rabin jirgi ne.

Ku kuma ma'aikata, 'yan'uwanmu da muka zauna benci ɗaya a lakwal, ku ne za a tura taron ƙwararru, ku ne za ku riƙe alƙalami. Za a kawo muku takardu masu ƙyalli da kalmomin Turanci masu daɗin faɗi, a ce tsarin zamani ne, babu takarda, babu layi, babu ma'aikaci. Kafin ku sa hannu, kowannenku ya tambayi kansa ko mahaifiyarsa da ke ƙauye za ta iya sayen wannan tikiti ita kaɗai, ba tare da ta kira shi ba. In amsar a'a ce, to, ku ajiye alƙalamin. Ku tuna kuma cewa kujerar da ake shirin cirewa daga bayan taga irin taku ce. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Jirgin Najeriya ya ɗauki fasinja fiye da miliyan 11 a 1964, ya zo bai kai miliyan 2 ba a 2003. Sakaci ya kashe shi, da raina ƙananan tashoshi da ƙananan mutane, har jama'a suka yi fushi suka koma tashar mota, inda ko ba komai ɗan kamasho zai karɓi kuɗinka ya nuna maka kujera. Idan sabon jirgi ya fara da korar talaka, talaka zai koma inda ya saba, taragai su riƙa kai da kawowa da iska a cikinsu, bashin kuma yana nan ana biya. Kakanninmu sun ciyar da jirgin Kano da gyaɗarsu fiye da shekara 40 ba tare da ya tako ƙasarsu ba. Yanzu da ya ce zai zo, mafi ƙarancin abin da jikokinsu za su nema shi ne su tarar da mutum a bakin taga, su yi masa sallama ya amsa, su biya, su hau.